Sauya Lasifikar Mota: Darasi Ga Masu Motoci Da 'Yan Kasuwar Maiduguri

MAIDUGURI — Ambaliyar ruwan da ta auka wa birnin Maiduguri a ranar 10 ga watan Satumba na shekarar 2024, sakamakon ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta bar wa masu motoci wata hasara wadda ba a cika ambatonta ba. Motoci da dama sun kwana cikin ruwa a unguwanni irin su Gwange da Gamboru da kewayen babbar kasuwar Monday Market. Da ruwa ya janye, an gyara inji, an sake mai, an shanya kujeru, amma da aka kunna rediyo sai aka ji murya ta dushe, ko kuma tana karkarwa. Dalili kuwa shi ne, a yawancin motoci lasifika tana can ƙasan ƙofa inda ruwa ke fara kaiwa, kuma da takarda aka yi ta.

Ba motocin da ruwa ya ci kaɗai wannan matsala ta shafa ba. Duk motar da ta daɗe tana shan ranar Borno, lasifikarta ta asali takan gaji. Saboda haka sayar da lasifika da ɗaura ta sana'a ce da ke ciyar da masu shaguna da masu gyaran wutar mota, waɗanda aka fi sani da 'yan riwaya. Sai dai kayan duk daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma farashinsu yana bin canjin kuɗi. A watan Mayu na shekarar 2023 dalar Amurka tana kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, amma cikin shekarar 2024 ta haura Naira 1,500. Ke nan lasifikar da kuɗinta ya kai dala 50 ta tashi daga Naira 23,000 zuwa Naira 75,000, tun ba a sa kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Kuskuren saye a irin wannan hali ba ƙaramar hasara ba ce.

Abin da wannan darasi ke son tabbatarwa shi ne, daɗin sauti ba ya zuwa daga girman lambar da aka buga a jikin kwali. Yana zuwa ne daga dacewar lasifika da rediyon motar, da ramin ƙofarta, da yanayin garin da take aiki, sannan da hannun wanda ya ɗaura ta.

Yadda Lasifika Ke Aiki

Tsarin lasifikar da ake amfani da ita a yau ya samo asali ne daga aikin wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric da ke Amurka, wato Chester Rice da Edward Kellogg, waɗanda suka bayyana shi a shekarar 1925. Bayan shekara biyar, a 1930, kamfanin Galvin na birnin Chicago ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, sannan kamfanin Blaupunkt na Jamus ya biyo baya da nasa a 1932. Tun daga lokacin an yi zamanin kaset, an yi na faifan CD, ga shi an zo na wayar hannu, amma ginin lasifika bai sauya ba.

Sassanta huɗu ne. Akwai maganaɗisu a baya. Akwai naɗin siririyar waya da ke zaune a tsakiyar maganaɗisun. Akwai wani faranti mai siffar mazurari wanda naɗin wayar ke manne da shi. Sai kuma zoben gefe mai taushi, wanda ke riƙe da bakin mazurarin a jikin firam. Idan wuta ta fito daga rediyo ta ratsa naɗin waya, sai ya riƙa kai da komo, mazurari ya bi shi yana tura iska. Wannan motsin iska shi kunne ke ji. Motsi mai nauyi a hankali shi ke ba da amo mai kauri irin na ganga, mai sauri kuwa shi ke ba da siririn amo irin na algaita.

Kamfanonin ƙera motoci suna sayen lasifika ne dubbai a lokaci guda, don haka ko ragin kwabo ɗaya a kan kowace yana da muhimmanci a gare su. Shi ya sa a yawancin ƙananan motoci ake tarar da mazurarin takarda, da ƙaramin maganaɗisu, da firam na roba ko siririn ƙarfe. Amma kada a raina ta gaba ɗaya. Rashin nauyinta ya sa ba ta buƙatar wuta mai yawa kafin ta yi ƙara, kuma an auna ta daidai da ƙarfin rediyon da ta zo da shi. Wanda bai san wannan ba yakan cire ta ya sa mai tsada, sa'an nan ya yi mamakin yadda ƙarar ta ragu.

Abin Da Yanayin Borno Ke Yi Mata

A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, kuma cikin motar da aka rufe a rana yakan wuce digiri 60. Irin wannan zafi yana busar da gam ɗin da ke riƙe da naɗin waya, yana kuma ruɓar da zoben gefe idan na soso ne, har ya riƙa marmashewa a hannu. Da sanyi ya shigo, ƙurar hunturu takan shiga ƙofa ta hanyar gilashi. Wadda ke ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe maganaɗisu yakan jawo ta zuwa cikin ɗan ramin da naɗin waya ke motsi, sai a fara jin ƙaiƙayi kamar ana goga yashi. Da damina kuma ruwa yana bin gilashi ya sauka cikin ƙofa, takarda ta jiƙe ta bushe, ta sake jiƙewa, har ta saki.

Haka kuma yawancin motocin da ke kan titi a yau na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 sabuwar mota, irin Peugeot ɗin da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata da 'yan kasuwa. Motar da ta yi shekara goma ko fiye a Turai ko Amurka kafin ta iso Borno, lasifikarta ta riga ta ci rabin kwananta.

A Fara Gano Inda Cutar Take

Kafin a kashe ko sisi, ya kamata a tabbatar lasifikar ce ke da laifi. Kusan kowane rediyon mota yana da hanyar karkatar da sauti zuwa dama ko hagu, gaba ko baya. Da wannan za a saurari kowace ƙofa ita kaɗai. Idan ɗaya ce ke karkarwa, ita ce ta lalace. Idan ɗaya ta yi shiru ɗungurungum, mai yiwuwa waya ce ta tsinke a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wurin da wayoyi ke lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Idan kuwa duka huɗun ne ba sa daɗi, sai a tuhumi rediyon ko abin da ake sa masa.

Abin lura a nan shi ne, lasifika ba ta gyara abin da ya zo mata a ɓace. Wa'azi ko waƙar da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ta rasa ingancinta, ko tashar da eriya ba ta kamawa sosai, babu lasifikar da za ta mayar da su garau. Hasali ma mai kyau ta fi tona asirin mummunan ɗauka. Don haka a yi gwaji da abin da aka san an ɗauke shi da kyau.

Ga motar da ta shiga ambaliya akwai ƙarin bincike. A duba bakin wayoyi ko sun yi kore ko tsatsa, domin sabuwar lasifika a kan ruɓaɓɓiyar waya ba ta daɗewa. A wasu motoci kuma akwai amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ƙarƙashin kujera ko cikin but. Idan ruwa ya kai gare ta, sauya lasifika kaɗai ba zai warware komai ba.

Abubuwa Biyar Da Za A Duba Kafin Saye

Na farko, girma da zurfi. Lasifikar mota tana zuwa ne a kan ma'auni sanannu: inci 4, inci 5 da kwata, inci 6 da rabi, sai kuma mai siffar ƙwai ta inci 6 da 9 wadda aka fi sa wa a bayan kujerun baya. Faɗi kaɗai bai isa ba. Dole a auna zurfin ramin bayan an sauke gilashi har ƙasa, domin maganaɗisu mai tsawo yakan tokare gilashin. Motoci da yawa, musamman na Japan, suna da firam na musamman wanda aka dasa da ƙusar rifit. Ga irin waɗannan akwai zoben roba ko na katako da ake sayarwa don daidaita sabuwar lasifika da tsohon rami. Yanke ƙarfen ƙofa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yarda da shi.

Na biyu, ma'aunin om, wato yadda lasifika ke tare wutar da ke ratsa ta. Yawancin rediyon mota an yi su ne don lasifika mai om 4. Idan aka haɗa masa mai om 2, ko aka jera lasifika biyu masu om 4 a kan waya ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don neman ƙara, rediyon zai ja wutar da ta fi ƙarfinsa, ya yi zafi, daga baya ya ƙone. Akasin haka kuma yana faruwa. Motocin da suka zo da tambarin JBL ko Bose a jikin ƙofa sau da yawa lasifikarsu mai om 2 ce ko kusa da haka, an kuma auna ta da amfilifayarta. Idan aka sa mai om 4 a wurin, ƙara takan ragu.

Na uku, wat. A nan ne aka fi yaudarar mai saye. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa, kamar wat 300 ko 600, wadda ke tare da kalmar Max ko Peak ko haruffan PMPO, tana nufin abin da lasifikar za ta iya jurewa na ƙiftawar ido. Lambar da ke da amfani ita ce mai haruffan RMS, wato ƙarfin da za ta ɗauka a kai a kai, kuma galibi a bayan kwali ake rubuta ta da ƙananan haruffa. Haka shi ma rediyo. Wanda aka rubuta masa wat 50 sau huɗu, abin da yake bai wa kowace ƙofa ba tare da murya ta lalace ba bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ba, saboda wutar mota tana tsakanin bolt 12 da 14 ne. Har ila yau, lambar wat a jikin lasifika tana nuna abin da za ta iya ɗauka ne kawai. Ba ta samar da wuta da kanta. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Na huɗu, desibel, wanda shi ne ma'aunin ƙarar da lasifika ke bayarwa daga wat ɗaya idan aka tsaya mita ɗaya daga gare ta. Ga wanda zai ci gaba da amfani da rediyon da ya zo da motar, wannan lamba ta fi wat muhimmanci. Ƙa'idar ita ce, duk ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin wuta sau biyu. Misali, a ɗauki lasifika biyu, ɗaya an rubuta mata wat 600 da desibel 87, ɗaya kuma wat 40 na RMS da desibel 90. A kan rediyo mai wat 18, ta biyun za ta yi ƙarar da ta farkon ba za ta yi ba sai an ba ta wat 36. Don haka a nemi mai desibel 90 ko sama. A kuma lura, wasu kamfanoni suna yin awon da bolt 2.83 maimakon wat ɗaya, abin da ke ƙara wa lasifika mai om 4 desibel 3 a takarda. Idan za a kwatanta biyu, a tabbatar da awo ɗaya aka yi musu.

Na biyar, kayan da aka yi ta da su. Ga yanayin Maiduguri, mazurarin roba mai ƙarfi ya fi na takarda jure ruwa da laima, zoben gefe na baƙar roba kuma ya fi na soso jure zafi. Wannan bambanci shi ke raba lasifikar da za ta yi shekaru da wadda za ta mutu bayan bazara biyu.

Haɗaɗɗiya Ko Rarrababbiya

Lasifikar da ke kasuwa iri biyu ce. Akwai haɗaɗɗiya, wadda aka dasa mata wata 'yar ƙaramar lasifika mai fitar da siririn amo a tsakiyarta. Ita ce ta fi araha da sauƙin ɗaurawa, domin a cire tsohuwa ne a sa ta. Akwai kuma rarrababbiya, inda babbar ke zama a ƙasan ƙofa, ƙaramar kuma a sama kusa da madubin gefe ko kan dashbod, tare da wani ɗan akwati mai raba sauti, wanda ke aika mai kauri ga babbar, siriri ga ƙaramar.

Amfanin rarrababbiya shi ne, siririn amo a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Idan ya fito daga ƙasan ƙofa, ƙafar direba da riga da kujera sukan tare shi. Idan kuwa daga sama ya fito, yana isa kunne kai tsaye, haruffan magana su fita sosai. Wanda ya fi sauraron labarai da karatun Alƙur'ani da tafsiri zai fi jin wannan bambanci a kan wanda ke neman dukan ganga. Game da masu alfahari da hanya huɗu ko biyar, wato haɗaɗɗiyar da aka jera wa 'yan ƙananan lasifiku barkatai a tsakiya, yawancinsu ado ne. Mai hanya biyu ta ƙwarai ta fi mai hanya biyar ta banza.

Idan kuɗi bai isa a sauya duka ba, a fara da ƙofofin gaba, domin su ne ke ɗauke da yawancin abin da direba ke ji.

Aikin Ɗaurawa

Rabin ingancin sauti yana hannun ɗan riwaya. Kafin ya fara, ya cire wayar batir ta baƙi, amma a tabbatar an san lambar sirrin rediyon idan irin wanda ke kulle kansa ne bayan an ɗauke wuta. Wayoyi masu soket rawaya na jakar iskar kariya ne, ba a taɓa su.

Kowace lasifika tana da baki biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Idan aka juya na ƙofa ɗaya, to lokacin da ta dama ke tura iska ta hagu tana janyewa, sai amo mai kauri ya ɓace, mai mota ya ɗauka kayan ne ba su da kyau. Gwajin ba shi da wuya. A taɓa batir ɗin tocila mai bolt 1.5 a bakin babbar lasifika na ɗan lokaci kaɗan. Idan mazurari ya turo waje, bakin da ke kan kan batir shi ne na tarawa. Ba a yi wa ƙaramar wannan gwaji.

Bayan haka, dole lasifika ta zauna daram, babu kafar da iskar baya za ta zagayo gaba, domin idan suka haɗu suna kashe juna. A sa soso ko roba tsakanin firam da ƙofa, a ɗaure sukurori duka. Wayoyi a haɗa su da soket ko a yi musu solda. Murɗa waya a naɗe da salatif ba ya jure zafin Borno, gam ɗin yakan narke, waya ta taɓa ƙarfe, rediyo ya ƙone. Ledar da ke manne a cikin ƙofa kuma ba ta banza ba ce, ita ke hana ruwa isa ga rufin ƙofa da wayoyi, don haka a mayar da ita yadda take. Daga ƙarshe, manna 'yan faifan roba masu nauyi a jikin ƙarfen ƙofa, musamman bayan lasifika, yana rage karkarwa da ƙugin hanya. Sau da yawa wannan ƙaramin aiki ya fi ƙarin kuɗin da za a zuba a kan lasifika mai tsada amfani.

Amfilifaya Da Wufa

Ana buƙatar amfilifaya ne idan an sayi lasifika mai neman wuta da yawa, ko kuma idan babbar mota ce kamar bas. Ya kamata a san cewa kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wuta kusan sau goma. Kuma abin da ya fi ƙona lasifika shi ne murɗa ƙaramin rediyo har ƙarshe, inda murya ke fashewa, domin a wannan hali gurɓatacciyar wuta yake aikawa, wadda ke dafa naɗin waya.

Amfilifaya tana da nata nauyin. Mai ba da wat 50 na RMS ga kowace ƙofa huɗu tana iya jan amfiya 25 ko fiye idan an buɗe ta sosai, alhali altanetar ƙaramar mota da yawa ba ta wuce amfiya 70 zuwa 90 ba, ga fitilu, ga na'urar sanyaya mota, ga fankar lagireto. Wajibi ne a sa fis a kan wayar wuta kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45, domin waya mara fis idan ta goge ta taɓa ƙarfe gobara ce. A kuma kula da irin wayar. Akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a waje, wadda ke da araha amma ba ta ɗaukar wuta kamar ta jan ƙarfe zalla. Idan aka kankare bakinta aka ga fari a ciki, ita ce. Wufa kuwa, wato babbar lasifikar amo mai kauri da ake sa wa a akwati, tana cin wurin kaya a but, abin da mai motar haya zai yi wa lissafi.

Lissafin Ɗan Kasuwa

Ga dillalin motoci, manufar ita ce a mayar da sauti yadda yake ba tare da an bar tabo ba. Mai saye yakan kunna rediyo kafin ya buɗe bonet, kuma lasifika mai karkarwa tana sa shi zargin cewa ruwa ya ci motar. Haɗaɗɗiya mai matsakaicin farashi, a ramin asali, a bayan rufin asali, ta wadatar. Ƙofar da aka yanke da wayoyin da aka datse suna rage darajar mota fiye da abin da sabon sauti zai ƙara mata. Idan kuma da gaske motar ta shiga ruwa, faɗa wa mai saye gaskiya wajibi ne, sauya lasifika ba hanyar ɓoye aibi ba ce.

Ga mai motar haya da ke bin hanyar Maiduguri zuwa Kano ta Damaturu da Potiskum, tafiyar kusan kilomita 600, abin buƙata shi ne murya ta fita sosai ba tare da an buɗe ƙara ba. Ƙananan lasifiku da aka rarraba daga gaba zuwa baya sun fi manya biyu a wuri ɗaya, waɗanda ke kurmantar da na kusa, na nesa kuma bai ji ba. Masu Keke NAPEP, wadda ta mamaye titunan birnin tun bayan hana babura a watan Yuli na 2011, su tuna batir ɗinsu ƙarami ne. Babbar wufa tana cinye shi, kuma kuɗin sabon batir daga cinikin yini zai fito.

Ga mai shago, jarinsa na gaske amana ce. 'Yan kasuwar birnin sun ga gobarar Monday Market ta ranar 26 ga Fabrairu, 2023, sun kuma ga ambaliyar 2024, don haka ba su da jarin da za su binne a kayan da za a dawo musu da su. Kaya suna zuwa ne ta kasuwar Alaba ta Legas da kasuwannin Kano, kuma sunayen da aka fi nema, irin su Pioneer da Kenwood da Sony da JBL, su ne aka fi yi wa jabu. Alamomin jabu sun haɗa da rubutu mai kuskure ko dishi-dishi a kwali, da gam da ya zubo a gefen mazurari, da maganaɗisun da aka lulluɓe da babbar roba don ya yi kamar mai girma, da 'yar ƙaramar lasifikar tsakiya wadda babu wayar da ta je mata. A duba lambar samfurin a shafin kamfanin na intanet. Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ƙasa, SON, tana da tsarin SONCAP tun 2005 na tantance kayan da ake shigowa da su, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kaya masu aibi. Shagon da ke da batir da rediyo na gwaji, yana ba da rasit, yana kuma bambance wa mai saye na asali da na kwaikwayo da farashin kowanne, shi ne zai riƙe abokan ciniki.

Iyakar Ƙara

Kunne ba shi da kayan gyara. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade desibel 85 na awa takwas a matsayin iyaka, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ke nan a desibel 100 minti 15 ne kawai. Direban da ke yini cikin ƙara shi ne farkon wanda zai cutu, ban da haɗarin rashin jin oda ko jiniya ko umarnin jami'an tsaro a shingen bincike. Hukumar NESREA ma tana da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009. Amfanin lasifika mai kyau shi ne a ji kowace kalma ba tare da an murɗa rediyo ba.

Tsarin da ya fi tsare aljihu dai shi ne: a gano cutar, a auna rami, a dace da om, a duba RMS da desibel, a zaɓi roba a kan takarda da soso, a fara da ƙofofin gaba, a biya ƙwararren ɗan riwaya haƙƙinsa. Amfilifaya da wufa su zo daga baya idan har an ga buƙatarsu. Wanda ya bi wannan tsari sau ɗaya zai biya, domin sayen na gari mayar da kuɗi gida ne.